Kashedin da zuciya ke yi kafin ta buga

A wurin zaman makoki, a Yelwa ne ko Wara ko Shanga, akwai maganar da kusan kowa ya taɓa ji: "Lafiyarsa ƙalau, jiya ma tare muka yi la'asar." Mai faɗin haka iya abin da ya gani ya faɗa. Sai an kwana biyu, hankali ya ɗan kwanta, sannan labari zai fito daga cikin gida cewa marigayin ya yi mako biyu yana dafe ƙirji duk lokacin da ya hauro daga bakin ruwa, ko yana yawan aiken yaro kemis a sayo masa maganin olsa, ko kuma ya daina zuwa gona da ƙafa bai gaya wa kowa dalili ba. Ajali in ya zo ba mai ɗaga shi, wannan kowa ya yarda. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya hore mu da neman magani, kuma ba a neman maganin ciwon da ba a gane shi ba. Zuciya takan yi kashedi kafin ta buga, wani lokaci da sa'o'i, wani lokaci da kwanaki ko makonni.

A fara raba abubuwa uku da ake haɗawa a ce musu ciwon zuciya. Akwai gazawar zuciya, inda tsokar take rauni a hankali har ta kasa tura jini yadda ya kamata, ƙafafu su kumbura, mutum ya riƙa haki, ya kasa kwanciya sai ya jingina da filo biyu ko uku. Wannan ya fi yawa a asibitocinmu, galibi hawan jini ne silarsa, kuma akwai irinsa da ke kama masu jego, wanda likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970. Akwai kuma tsayawar zuciya, inda lantarkin da ke tsara bugunta yake rikicewa, mutum ya yanke jiki ya faɗi, numfashi ya ɗauke. Na uku shi ne abin da ke gabanmu, bugun zuciya: jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini ta toshe, wani sashe na tsokar ya fara mutuwa alhali mutum na farke yana magana. Na ukun nan kan jawo tsayawar zuciya nan take, ko ya bar mutum da gazawarta daga baya.

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kimanin sau 100,000 a kwana da yini, tana tura kusan lita 5 na jini kowane minti in mutum na zaune, in yana aikin ƙarfi kuwa ta ninka haka sau uku ko huɗu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jinin da ke ratsa cikinta ba shi ke ciyar da ita ba. Manomin albasa a fadamar Yauri ya san irin wannan a injinsa na ban ruwa. Yini yake yana zuƙo ruwan Kwara yana kai wa fangali, amma abin da ke tafiyar da shi ɗan siririn tiyon mai ne. In datti ya taru a tiyon, injin zai ci gaba da aiki muddin ba a matsa masa ba, da an ƙara masa wuta sai ya fara shaƙewa. In tiyon ya toshe gaba ɗaya, injin ya mutu ke nan ko da kogi ya cika ya batse. Ita ma zuciya tana da nata siraran hanyoyin. Jijiyoyi biyu ne ke fitowa daga gindin babbar jijiyar jiki su kewaye ta, ta dama da ta hagu, ta hagun ta rabu biyu, shi ya sa likitoci kan ƙirga uku. Faɗin kowacce bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba.

Toshewar ba rana ɗaya take farawa ba. Cikin jijiya lulluɓe yake da wani tantani mai santsi. Hawan jini, hayaƙin taba da yawan sukari a jini suna yi wa tantanin nan lahani kaɗan kaɗan. Ta inda ya samu rauni sai maiƙon jini, wanda ake kira kolestarol, ya riƙa shiga ƙarƙashinsa yana zama. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su share shi, su ma su maƙale a wurin, a hankali ya zama ƙulluttu mai laushi a ciki da ɗan ɓawo a sama. Abin kan fara tun mutum na saurayi, ya yi shekara ashirin ko talatin yana girma ba a ji komai ba, domin jini yana samun hanya ta gefe. Sai hanyar ta tsuke da kusan kashi 70 cikin 100 sannan zuciya take fara jin ƙarancin, shi ma a lokacin aiki kawai.

Wannan ne kashedi na farko, kuma ya fi kowanne tsari. A ɗauki ɗan dako mai shekara hamsin da 'yan kai a bakin ruwan Yelwa ranar kasuwa. Ya ɗauko buhun albasa daga kwale-kwale, ya kama hawan gangare. Da ya kai rabi sai ya ji wani nauyi ya taru a bayan ƙashin ƙirjinsa, numfashi ya yi masa kaɗan. Ya sauke buhun, ya tsaya yana gyara gammo don kada abokan aiki su lura. Minti uku ko huɗu, nauyin ya sake shi sarai. Ya ɗauki kayansa ya ƙarasa. Gobe a daidai wannan hawan abin ya dawo. Abin da ya faru a ciki shi ne, hawan ya sa zuciya ta ƙara gudu, ta buƙaci ƙarin jini, tsukakkiyar jijiyar ta kasa kawowa. Da ya tsaya, buƙatar ta ragu ta yi daidai da abin da ke shigowa, ciwon ya tafi. Likitoci na kiran wannan anjaina, mu ce matsewar ƙirji. Wani likitan Ingila, William Heberden, ya bayyana shi tun 1768, kuma ya lura cewa ya fi kama mutum in yana hawan tudu ko ya taka jim kaɗan bayan cin abinci, ya kuma sake shi da zarar ya tsaya cik. Sanyi ma yana taso shi, domin yana tsuke jijiyoyi, don haka masuncin da ke jan taru da asubar hunturu kan ji shi a lokacin fiye da ko yaushe. Ɓacin rai mai tsanani ma haka.

Yadda ake jin sa yana da muhimmanci, domin da yawa in aka tambaye su ko ƙirjinsu na ciwo sai su ce a'a. Ba suka ba ce irin ta allura. Masu shi kan ce nauyi ne, ko an danne su, ko an ɗaure musu ƙirji, ko ƙuna ce mai zurfi. A tsakiyar ƙirji yake, ba dole sai a gefen hagu ba, kuma faɗi gare shi. In aka ce mutum ya nuna wurin, ba ya nunawa da ɗan yatsa. Tafin hannu yake shimfiɗawa, ko ya dunƙule hannu ya ɗora a kan ƙashin ƙirji, kuma likitoci sun daɗe suna lura da wannan dunƙulewar a matsayin alama.

Sau da yawa abin kan miƙe zuwa kafaɗa da cikin hannun hagu har ƙaramin yatsa, ko hannu biyu, ko wuya, ko muƙamuƙin ƙasa, ko tsakanin allunan kafaɗa. Dalili kuwa, jijiyoyin da ke ɗauko saƙon ciwo daga zuciya suna shiga lakar baya ne a daidai inda na fatar ƙirji da na cikin hannu suke shiga. Ƙwaƙwalwa ta saba karɓar saƙo daga fata da hannu, ba ta saba da na zuciya ba, sai ta jingina ciwon ga wurin da ta sani. Shi ya sa za a ga mutum yana murza hannu ko yana neman mai cire haƙori alhali hannun da haƙorin lafiyarsu lau. Ciwon muƙamuƙi ko na hannu da ke zuwa in an yi aiki ya tafi in an huta, a ɗauke shi na zuciya ne har sai likita ya ce ba shi ba ne.

Mutum zai iya yin shekaru da matsewar ƙirji mai tsari irin wannan, ya san iyakarsa, ya san hawan da ke taso ta. Kashedi na biyu, wanda ya fi gaggawa, shi ne ranar da tsarin ya canza. Ɓawon da ke kan ƙulluttun maiƙon nan kan tsage. A cikin jini akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu toshe rauni, su ne ke tsayar da jini in ƙugiya ta yanki yatsa. Da sun ga tsagar sai su yi mata dafifi, gudan jini ya fara haɗuwa a cikin jijiyar. Jiki kuma yana da nasa sinadaran narkar da guda. Sai a shiga ja-in-ja: gudan ya girma ya tsuke hanya, ya narke hanya ta buɗe, ya sake girma. Mai shi a waje abin da zai gani shi ne, nauyin da a da sai ya ɗauki kaya yake zuwa, yanzu tafiya masallaci ma tana kawo shi. Wanda ke wucewa cikin minti uku ya koma yana kai goma. Ya fara zuwa yana zaune yana hira, ko ya tashe shi daga barci cikin dare. Ko kuma mutum bai taɓa jin komai ba, sai a makon nan abin ya fara, yana kuma ƙaruwa. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba batun jiran ranar kasuwa mai zuwa ba ne. A watan Yunin 2016, Shu'aibu Amodu, wanda ya sha horar da Super Eagles, ya rasu a birnin Benin yana da shekara 58, kuma abin da aka sanar shi ne ya yi ƙorafin ciwon ƙirji da dare, ya kwanta, bai farka ba.

Ba kowa ne ke samun kashedi ba, wannan ma a faɗe shi. Ƙulluttun da bai tsuke hanya sosai ba, wanda bai taɓa sa ciwo ba, shi ma yakan tsage ya toshe jijiya lokaci guda. Akwai kuma waɗanda nasu kashedin ba ta ƙirji yake zuwa ba. A 2003 wata mai bincike a Amurka, Jean McSweeney, ta wallafa abin da ta ji daga mata 515 da suka tsira daga bugun zuciya. Kimanin bakwai cikin goma sun ce tun fiye da wata guda kafin abin ya faru suke fama da wata gajiya da ba su saba ji ba, kusan rabi barcinsu ya rikice, da yawa suna sarƙewar numfashi, amma waɗanda suka ji wani abu a ƙirji a wancan lokacin ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Gajiya kuwa ba baƙuwa ba ce ga matar da ke daka da ɗiban ruwa da bandar kifi, don haka abin lura shi ne sabuwar gajiya marar dalili. Matar da ta saba share tsakar gida a tsaye ɗaya, yanzu sai ta zauna sau biyu kafin ta gama, ba zazzaɓi, ba juna biyu, ba ƙarancin jini, musamman in ta daina al'ada. Masu ciwon sukari da ya daɗe su ma sukan rasa jin ciwon, domin sukari yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙo. Tsofaffi kuwa wani lokaci haki ne kawai, ko jiri, ko ruɗewa.

Babban abin da ke ɓatar da mutanenmu shi ne olsa. Ƙasan zuciya yana zaune ne a kan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, dab da tumbi. In jijiyar da ke ciyar da wannan sashen ce ta tsuke, galibi ta dama, sai a ji ciwon a ƙahon zuci, ga tashin zuciya, ga gyatsa, ga amai. Kowa ya gani zai ce olsa ce ko ƙwarnafi, mai kemis ma haka zai ce. Akwai bambanci ga mai lura. Ƙwarnafi da olsa da abinci suke tafiya: yunwa, yaji, maiƙo, kwanciya da ƙoshi, sau da yawa da ɗanɗanon tsami a maƙogwaro. Na zuciya da motsi yake tafiya, kuma yakan zo da gumi da haki. Amma kada a dogara da cewa an sha farin maganin olsa an ji sauƙi, domin matsewar ƙirji da ma da kanta take lafawa bayan 'yan mintoci, a sha magani ko kada a sha. Mutumin da ya haura arba'in, mai hawan jini ko sukari ko shan taba, wanda bai taɓa olsa ba sai ga ta ta zo masa a bana, zuciyarsa ya kamata a fara dubawa.

Akwai kuma ciwon ƙirjin da galibi ba na zuciya ba ne, kuma sanin sa yana rage fargaba. Wanda ake nunawa da yatsa ɗaya, wanda in an danna wurin yake ƙaruwa, wanda ke zuwa in an juya ko an ɗaga hannu bayan an yini ana tuƙi da filafili ko ana huɗa, yawanci na tsoka ne da haƙarƙari. Sukar da ke zuwa daƙiƙa biyu ta wuce ma haka. Wanda ke ƙaruwa in an ja numfashi, ga tari da zazzaɓi, ya fi kama da na huhu, shi ma dai asibiti yake so.

Idan gudan jinin ya yi nasara ya rufe hanya ruf, bugun zuciya ke nan. Nauyin ƙirjin ya zo ya ƙi tafiya, an zauna an kwanta yana nan, ya wuce minti 15 ko 20. Gumi mai sanyi ya keto ko da ana hunturu, tafin hannu da leɓe su yi fari, ga tashin zuciya, ga jiri, numfashi na sama sama, mutum ya ji a ransa cewa wani mugun abu na faruwa. Bayan minti 20 zuwa 30 ba jini, tsokar takan fara mutuwa, daga cikin bangon zuciya tana yowa waje. Cikin sa'o'i shida yawancin sashen da jijiyar ke ciyarwa ya tafi. Tsokar zuciyar da ta mutu ba ta sake tsirowa, tabo take zama, tabo kuwa ba ya bugawa. A sa'ar farko kuma aka fi fargabar lantarkin zuciya ya rikice ta tsaya, shi ya sa da yawa daga cikin masu rasuwa ba sa kaiwa asibiti. A da likitoci sun ɗauka toshewar jijiyar zuciya mutuwa ce nan take, sai a 1912 James Herrick, wani likita a Chicago, ya nuna cewa ana iya gane ta a jikin mai rai kuma ana tsira.

Wani zai ce ai wannan ciwon Turawa ne da manyan masu kuɗi. An taɓa yin lokacin da maganar ke da ƙamshin gaskiya. A shekarun 1960 da 1970 likitocin asibitin koyarwa na Ibadan sun rubuta cewa da wuya suke ganin mai bugun zuciya. A farkon shekarun 2000 ma, da aka duba bayanan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, masu ciwon toshewar jijiyar zuciya ba su kai ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka kwantar a sashen manya ba. Amma lamarin na sauyawa. Daga 2013 zuwa 2018 an tattara bayanan marasa lafiya 1,072 daga asibitoci daban-daban na Nijeriya, a wani aiki mai suna RACE-Nigeria da Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranta. Matsakaicin shekarunsu 59, kashi biyu cikin uku maza ne, kimanin takwas cikin ɗari sun rasu a asibiti, kuma zuwa a makare na cikin manyan matsalolin da aka gani. Kusan kashi 87 cikin 100 mazauna birni ne. Ana iya karanta wannan ta fuska biyu: ko dai ciwon ya fi yawa a birni saboda zama da irin cima, ko kuma mutumin karkara ba ya kaiwa inda za a rubuta sunansa. Da alama duka biyun akwai.

A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe 52, aka wallafa a 2004, ya nuna cewa abubuwan da ke jawo bugun zuciya kusan iri ɗaya ne a ko'ina: maiƙon jini, taba, hawan jini, sukari, teɓa, damuwa, rashin motsa jiki. Mutumin bakin ruwa yana da abin da ke kare shi, wato kifi da aikin ƙarfi. Amma hawan jini bai bar ƙauye ba, kusan uku cikin goma na manya a Nijeriya suna da shi, da yawa ba su sani ba. Babur ya maye gurbin tafiyar ƙafa, lemon kwalba ya shiga kowace tunga, gishiri da dunƙulen ɗanɗano sun yi yawa a miya, taba kuwa abokiyar hirar masu kwana a kan ruwa ce. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi mutuwar fuju'a kafin shekara 55 yana da ƙarin dalilin lura.

Yanzu a haɗa sa'o'i shidan nan da tsokar zuciya ke mutuwa a cikinsu da yanayin ƙasar Yauri. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin da ya miƙe fiye da kilomita 130 ya canza zaman mutane, aka tashi garuruwa aka sake musu matsuguni, har yau kuma akwai gungu da tunga da ba a isa gare su sai ta ruwa. Wanda abin ya kama a irin wannan wuri sai an nemo mai jirgi, an nemo mai, an tsallako, an hau babur ko mota zuwa babban asibitin Yelwa ko na Wara. In da dare ne ga haɗarin ruwa, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ta hana tafiyar dare saboda yawan kifewar jirage. In aka tura shi gaba, daga Yelwa ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 200 ne, Sakkwato ta fi haka nisa. A ganina wannan ne ya sa kashedin kwanaki ya fi daraja a wurin Bagunge ko Bakambare ko Basarke fiye da mazaunin Abuja. Na Abuja zai iya yin sakaci da alamar farko, motar asibiti ta cece shi a ta ƙarshe. Mutumin tafki damarsa ta gaske ita ce ranar da nauyin ya zo ya tafi, yana iya takawa da ƙafarsa, rana na sama, jirgin kasuwa na tashi.

In ya je asibiti, ya faɗi abin dalla-dalla: a ina yake ji, me yake yi in ya zo, minti nawa yake ɗauka, ina yake miƙewa, yaushe ya fara, ya ƙaru ko yana nan yadda yake. Wannan bayanin ya fi kowane gwaji amfani a wurin likita. Ya nemi a auna hawan jini da sukari, a kuma yi masa awon lantarkin zuciya, wanda ake kira ECG. Ana kwantar da mutum a manna masa 'yan faifai goma, shida a ƙirji, huɗu a hannuwa da ƙafafu, na'urar ta zana layuka a takarda cikin mintoci kaɗan. Ba ta saka wa jiki wuta, saurare kawai take yi. Wadda Willem Einthoven na Holan ya ƙera a farkon ƙarni na 20 ta haura kilo 250, ta yau kuwa ana ɗaukarta da hannu ɗaya. Sai dai a sani, in an yi awon a lokacin da ciwon ya lafa, takardar na iya fitowa lafiya lau alhali jijiyar a tsuke take. Shi ya sa ake maimaitawa, ake kuma gwajin jini mai suna turoponin, wani sinadari da ke zuba cikin jini in tsokar zuciya ta ji rauni. Magungunan da ake ba mai wannan matsala ba na ƙasar waje ba ne kawai, ana samun su: ƙaramin asfirin na kullum, maganin rage maiƙon jini, maganin sassauta gudun zuciya, da wata ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Wannan ta ƙarshen ba a haɗa ta da maganin ƙarfin maza, domin tare suna iya faɗar da jini ƙasa warwas. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da aibufurofen, da 'yan dako da manoma ke sha kullum, suna ƙara haɗarin bugun zuciya, su kuma jawo olsar gaske.

In kuwa babban ne ya zo, mutum ya bar duk abin da yake yi ya zauna a jingine, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada ya tuƙa jirgi ko babur da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a ce a jira gari ya waye in akwai hanyar tudu. A ba shi asfirin mai miligiram 300 ya tauna, ko ƙananan nan masu 75 guda huɗu, sai fa in jikinsa ba ya karɓar asfirin, ko yana aman jini ko baƙin kashi, ko an ga bakinsa ya karkace ko hannu ya saki, domin wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce kuma asfirin na iya ƙara ta'azzara ta. Asfirin yana hana ƙwayoyin nan masu toshe rauni ƙara taruwa a kan gudan. A wani gwaji da aka yi wa marasa lafiya fiye da 17,000, aka wallafa a 1988, asfirin kaɗai ya rage mace-mace da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, da aka haɗa shi da allurar narkar da gudan jini kuwa ragin ya kai kusan kashi 40 cikin 100. Allurar tana aiki ne cikin sa'o'i 12 na farko, kuma ta fi amfani nesa ba kusa ba a sa'a ɗaya ko biyu na farko. Farasitamol ba ya yin aikin asfirin. Ƙarin ruwa a shagon kemis cin lokaci ne, yana ma iya cika huhun mai raunin zuciya da ruwa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp cewa a yi ta tari da ƙarfi, ko a tsattsaga yatsu da allura, ba shi da tushe.

Idan a hanya ya sume, ba ya amsawa, ba ya numfashi ko sai shaƙuwa jefi-jefi, a shimfiɗe shi a wuri mai tauri, ko da katakon cikin jirgi ne. A ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kan ɗaya, a riƙa dannawa da ƙarfi zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, in wannan ya gaji wani ya karɓa, har a isa ko ya motsa.

Sauran aikin na hukuma ne da na gari, kuma ba mai tsada ba ne in aka kwatanta da gina sashen tiyatar zuciya. Kowane babban asibiti a Yauri da Ngaski da Shanga ya kamata a ce yana da na'urar ECG mai aiki dare da rana, da takardarta, da ma'aikacin da ya iya manna faifan daidai. Ba dole ne likitan zuciya ya zauna a wurin ba. Ana ɗaukar hoton takardar da waya a tura wa ƙwararre a Birnin Kebbi ko Sakkwato, ya duba ya ce a yi allurar nan take, ko a taho da shi, ko a kwantar a sake awo bayan sa'a guda. Ƙungiyoyin masunta da na masu jirage kuwa suna iya ware galan ɗaya na mai da sunan marar lafiya, a kuma san wane ne za a buga wa ƙofa in buƙata ta taso.